Sai Dutsen Inna Ya Cika

Bana ma ruwa ya yi mana rowa. Hadari yakan haɗu da la'asar, ya yi baƙi ƙirin har kaji su fara neman akurki, sai iska ta zo ta watsa shi, a bar mu da zufa da ƙamshin ruwan da ya sauka a wani gari. Jiya da safe ina shara a tsakar gidanmu na Rikoto, na ɗaga kai na hangi tsaunukan da aka haife ni, gajimare ya sauko ya zauna musu a ka kamar hular da ta yi wa mai ita yawa. Sai na tsaya da tsintsiya a hannu. Maigidana Bitrus yana gindin mangwaro yana gyara ƙotar sungumi, ya ce, "Rahila, kin tafi ke nan." Gaskiyarsa, na tafi. Na koma wata bazara ta farkon shekarun dubu biyu, wadda saura ƙiris ta hana ni aurensa.

Mutanen da ke zaune ƙasan dutse ba za su kira wurinmu ƙauye ba. Gidaje ne 'yan kaɗan a warwatse a saman dutse, in kana wannan ba ka ganin wancan, sai dai hayaƙinsa. Mota ba ta zuwa, babur ma a gindin dutse yake ajiye ka. Daga nan sai ƙafa, ka bi wata siririyar hanya da awaki suka fi mutane saninta. In ka isa sama, abin da zai fara tarbarka shiru ne. Kana iya hangen wata mata tana daka a tsaunin da ke fuskantar namu, ka ga taɓarya ta sauka, sai can daga baya ƙarar ta iso kunnenka. Da damina gajimare har cikin gida yake shigowa, ya bi tsakanin rumbuna, ya leƙa ɗaki. In ka shanya zane, ka kwashe shi ya fi yadda ka shanya jiƙa. Muna yara mukan buɗe baki mu bi shi da gudu wai muna cin sa. In kuwa sarari ya buɗe, sai ka ga rufin kwanon Zuru yana walƙiya can ƙasa, ka ga ruwa yana zuba a kan Dabai kamar an saki labule, mu ko ɗigo.

Gonakinmu duk a gangare suke, ƙasar kuma ba ta da zurfi. Kakanninmu ne suka jera duwatsu layi-layi, wani bisa wani kamar matakala, don su tare ta, in ba haka ba ruwa ɗaya zai wanke ta zuwa kwari. Har ƙananan duwatsun da ke barbaje cikin gona ba a taɓa su, domin a ƙarƙashinsu laima take ɓuya in rana ta yi zafi. Wannan ko yaron da ke rarrafe ya sani, shi ya sa ba wanda yake faɗa wa wani.

A saman gonarmu akwai wani dutse da ba irin sauran ba. Dutsen niƙan mahaifiyata ne. Ta gaje shi wurin surukarta, an yi ta niƙa a kansa har tsakiyarsa ya lotsa ya yi kamar akushi. Da Inna ta rasu, ina 'yar budurwa, Baba ya ɗauke shi daga madafa ya kai gona, ya kafa shi yana kallon sama. Tun daga lokacin, in an yi ruwa, da sassafe zai je ya duba. In ruwan bai cika lotsin ba, ya dawo ya ce yayyafin yaudara ne, irin wanda ke sa iri ya tsiro rana ta ƙone shi. In ya cika har ya tumbatsa, to ƙasa ta sha, a fito da iri. A gidanmu ba a shuka sai dutsen Inna ya cika, har maƙwabta sukan aiko a tambaya.

Bitrus kuwa ɗan soja ne. A bariki aka haife shi, ya girma daga wannan gari zuwa wancan, sai da mahaifinsa ya ajiye aiki suka dawo Rikoto. A kasuwar Zuru muka haɗu, ina sayar da garin ɗorawa. Ya saya, ya zagaya ya dawo ya sake saya, har na tambaye shi ko raƙumi yake kiwo a gida. Hausarsa ta fi tawa nesa ba kusa ba, amma in ya buɗe baki da yarenmu, awaki ma sai sun juyo. Da magana ta kai gaban manya, Baba ya ce shi golmo ya sani. Golmo shi ne noman da saurayi da abokansa suke yi wa iyayen yarinyar da yake nema. A da shekaru ake kwashewa ana yi, Baba ya ce damina ɗaya ta ishe shi ya ga ko wane irin mutum ne.

Shekarar ta zo da wuya. Daminar baya ba ta yi kyau ba, rumbunmu kuwa tun ana tsakiyar rani in na shiga ɗiba sai in ji ƙafata tana taɓa daɓe. Kunu ya koma ruwa-ruwa, kana iya ganin fuskarka a ciki. Da safe mu dama garin ɗorawa, da rana in bi gindin kaɗe in tsinto kaɗanyar da ta faɗo, da yamma tuwo ɗan dunƙule da miyar busasshiyar rama. Idon ruwan da muke ɗiba a tsagin dutse ya koma ɗiga, sai ka kafa ƙwarya ka zauna kana gyangyaɗi kafin ta cika. Zafi kuwa, da hantsi falalen dutse ya ɗauki wuta, ba ka iya taka shi ba takalmi. Abin da ya rage mana zangarniyar dawa ce da Baba ya rataye a saman murhu, ta yi baƙi da hayaƙi. Ita ce irin shuka, babu wata bayanta. Nakan kwanta da rana ina kallonta, cikina yana ƙugi, in rufe ido in ga ta zama tuwo.

A wannan hali Bitrus ya hauro shi kaɗai, tun kafin abokansa, wai zai fara sharar gona. Ya tarar Baba zai tafi zaman makoki a garin Danko. Baba ya nuna masa hanyar gona da sanda ya ce, "Ka share ta," ya kama hanya. Gida ya rage daga ni sai Gwaggo Tani, yayar Baba, wadda ciwon gwiwa ya hana ta zuwa ko'ina amma bai taɓa bakinta ba. Ni kuma kunya ba ta bar yarinya ta je gonar da mai nemanta yake aiki. Gonar tana bayan kafaɗar dutse, ba a hango ta daga gida.

Washegari da hantsi muka fara jin gurnani daga can bayan dutse, ya yi ta gangarawa har ya ɓace. Jim kaɗan wani ya biyo. Gwaggo ta ɗaga kai ta ce, "Tsawa! Allah ya tuna da mu." Sama kuwa fes, ko gizo-gizon gajimare babu, amma mai jin ƙishi ba ya tsayawa bincike. Ta sa na jera tukwane da ƙore a tsakar gida. Kwanaki muka yi muna jin wannan tsawa mai tashi da hantsi ta huta da azahar, daidai lokacin da Bitrus yake dawowa shan kunu, hannuwansa duk sun farfashe, yana murmushi kamar wanda ya ɓoye kyauta a aljihu. Ba mu haɗa biyun ba, ni da Gwaggo, kuma har ta mutu ba ta yarda a tuna mata ba.

Ran da Baba ya dawo, Bitrus ya ja shi zuwa gona don ya nuna masa. Na bi su a baya, na laɓe jikin wata kuka. Sai na ga rabin gonarmu ta sama ta yi sumul kamar filin fareti. Layukan da kakan kakana ya jera, da ƙananan da ke barbaje, duk ya mirgina su cikin kwazazzabon da ke gefe. A gonakin da ya saba gani a ƙasa, dutse abokin gaba ne. Ya ga mutanen tudu suna noma cikin duwatsu, ya ɗauka rashin mai ƙarfi ne a gida, ga shi Allah ya kawo shi.

Baba bai yi faɗa ba. Ya taka zuwa saman gona, ya tsaya a kan wani ɗan gurbi da ya rage a ƙasa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo da Hausarsa ta kasuwa.

"Yaro, mi kay yi nan?"

"Na share ta, Baba. Yanzu garma za ta shiga ko'ina."

"Ina kak kai ta?"

"Wa, Baba?"

"Uwar ɗiyar da kake so."

Na ga murmushin Bitrus yana mutuwa a hankali, bai ma san abin da ya yi ba tukuna. Baba ya ce, "Ba shuka gidan ga sai dutsen ya komo wurinshi. In ba shuka, ba golmo. In ba golmo, ka san sauran." Ya wuce ta gabana bai ko dube ni ba. Ni ce na fito na gaya wa Bitrus ko dutsen wane ne, ina faɗa ina kuka, rabi don Inna, rabi don haushin wannan dogon wawa da nake so.

Na ɗauka da gari ya waye zai sauka Rikoto, ba wanda zai ga laifinsa. Da gari ya waye cikin kwazazzabo ya sauka. Wurin yana da zurfi, cike da ƙaya da duwatsun da suka yi ta faɗawa tun farkon duniya, ga nasa a kai. Bai san kamannin dutsen ba, don da ya ɗaga shi bai duba ba. Sai ya kama hauro da su ɗaya bayan ɗaya a kafaɗa, yana mayar da layukan da ya rushe. Jerin farko da ya yi, akuya ta taka ya zube. Wani tsoho maƙwabcinmu ya zo ya tsuguna ya nuna masa yadda ake kwantar da babba a ƙasa a cusa ƙanana a tsakani, ya tafi. Kunun da muke ba shi ko yaro ba zai riƙe ba. Wandonsa ya fara zamewa har sai da ya ɗaure da igiyar rama.

Ana nan aka yi yayyafi. Wasu suka kasa haƙuri suka shuka, iri ya leƙo, rana ta cinye shi. Gwaggo ta ce da Baba ya yi daidai da bai shuka ba. Bayan 'yan kwanaki kuma aka yi ruwa na gaske, irin wanda ƙasa ke yin tururi bayansa, kwaɗi suka dawo daga inda suke ɓuya. Duk tudun ya fita shuka. Daga tsakar gida ina hangen mutane ƙanana-ƙanana a gangaren da ke fuskantarmu, maza suna sara mata suna bi suna rufewa da diddige. Baba yana zaune a inuwar rumbu yana tufka igiya. Mako ya zagayo, gonakin mutane suka yi kore shar, tamu ja. A nan tsoro ya kama ni sosai, domin dawar tudu tana son lokacinta, in ka makara ruwa zai ɗauke tana bunƙasa.

Gwaggo ta ja gwiwarta har gabansa. Da yarenmu ta ce, "Kai da ka tsufa a kan dutsen nan, sai wani dutse ya gaya maka an yi ruwa? Tura yatsa cikin ƙasa mana. Za ka kashe mu da yunwa, ka hana yarinya miji, duk don abin niƙa?"

Baba bai ɗaga kai ba ya ce, "Tunda ta tafi ban taɓa shuka ban tambaye ta ba."

Gwaggo ta ja gwiwarta ta koma ɗaki. A ranar na gane Baba ya san ruwa sarai, da dutse ko babu. Zuwan da yake yi gona da sassafe, wurin matarsa yake zuwa.

Da gari ya waye na ajiye kunya a gida na sauka kwazazzabo. Na tarar da Bitrus zaune a kan dutse ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce, "Rahila, na juya duk wanda zan iya juyawa. Ko ya fashe ne?" Na ce ya tashi ya daina yi mini baki. Shi lotsi yake nema da ido, ni kuwa na yi niƙa a kan dutsen nan tun hannuna bai kai ƙarshensa ba, na san bayansa kamar yadda na san cikinsa. Gefensa ɗaya yana da santsi inda gwiwar Inna take jingina. Na bi duwatsu ina shafawa, ƙasan kwazazzabon da sanyi, hasken rana yana saukowa sirara-sirara ta cikin ganye, har na rasa ko safiya ce ko yamma. Can ƙasa, kusa da inda ruwa yake bi, tafina ya faɗa kan santsin. Yana kife, rabinsa cikin yashi. Muka tona da hannu muka juya shi. Kusurwa ɗaya ta ɓalle, amma lotsin lafiya lau, har wani ɗan kwaɗo ya yi ɗaki a ƙarƙashinsa.

Gangarar da dutse aikin mutum ɗaya ne, hauro da shi kuwa sai da aka aika Rikoto. Abokan golmonsa suka zo, suka ɗaure shi da igiyar da Baba ya yi ta tufkawa, suka zura sanduna suka ɗauka, suna waƙa suna zagin Bitrus a cikin waƙar. Samarin tudu da suka ji hayaniya suka bar gonakinsu suka kama. Da aka iso bakin gona Bitrus ya ce a sauke. Ya sa aka ɗora masa a baya, ya riƙa hawa layi bayan layi yana rarrafe, jijiyoyin wuyansa kamar za su tsinke. Daidai nan gajimare ya sauko ya lulluɓe gonar. Muka daina ganinsa, sai nishinsa kawai muke ji yana ƙara nisa. Da gajimaren ya yaye, ga shi can sama a durƙushe, ga Baba tsaye a kansa, ba wanda ya ga lokacin da ya zo. Baba ya tsuguna ya gyara wa dutsen zama da hannunsa, ya share yashin da ke ciki da gefen rigarsa.

Sai kuma ruwa ya ɗauke. Kullum da sassafe mutum biyu suke fita duba dutse, tsoho a gaba dogo a baya, su duba su dawo. Ni na daina kallon zangarniyar, na koma kallon gabas. Ranar wata Lahadi, muna cikin 'yar majami'armu ta laka, aka fara jin ɗigo a kan jinka. Kafin a kai ƙarshen waƙa ba ka jin muryar na kusa da kai. Ba a jira addu'ar rufewa ba. Na ruga gona cikin ruwan, na tarar sun riga ni. Lotsin ya cika, yana tumbatsa ta wajen kusurwar da ta ɓalle, ruwan yana bin sababbin layukan Bitrus yana tsayawa, ƙasa ba ta tafi ba. Baba ya tsoma yatsa a ciki ya daɗe. Sannan ya ce, "Rahila, je ki sauko da iri." Ya dubi Bitrus ya ce, "Kai ka sara, ita ta ruhe."

Mun makara, kuma dawar ba ta yi yadda ta saba ba. Amma ta kai mu wata damina, bayan girbi kuma aka ɗaura mana aure.

Yanzu tudun ya zama kango. Matasa suka fara sauka neman makaranta da aiki, daga baya rashin kwanciyar hankali ya sauko da sauran. Baba ne kusan na ƙarshe. Mun yi ta roƙo ya ƙi, sai da ƙafafunsa suka gaza. Ran da muka je ɗaukarsa, an gama ɗaure 'yan kayansa, ya ƙi tashi daga bakin ƙofa. Ya kira Bitrus, wanda a lokacin furfura ta fara fito masa, ya nuna bayan dutse da sandarsa, yadda ya nuna masa ranar farko.

"Kai ka san nauyinta," ya ce. "Tai ka ɗauko ta."

Baba bai daɗe a Rikoto ba ya rasu. Dutsen yana nan bayan ɗakinmu, a bakin 'yar gonar da ba ta fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba. Yaranmu suna duba hasashen ruwa a waya suna yi mana dariya, muna barinsu. Yau da asuba an ɗan yi ruwa, na ji shi a kan kwano cikin barci. Da na fito na tarar Bitrus ya riga ni, yana tsugune da ƙyar saboda bayansa, yatsansa a cikin lotsin, sungumin da ya gyara jiya yana jingine a bango.

Na ce, "Yaya, Baban Alheri?"

Ya girgiza kai, ya miƙe yana dafa gwiwa, ya ɗauki sungumin ya mayar ɗaki.

"Inna ta ce mu jira."